Daga Teburin Akawu: Kalmomin Turanci Masu Cin Gona

Zuwa ga Edita,

 A makon jiya na yi alkawari zan yi magana a kan yadda a ke rubuta takardar neman aiki. Ina roƙon gafara, na ɗage wannan sai wani jiƙon, gama ran Talatar da ta wuce wani al'amari ya zo gabana wanda na ga bai kamata in kwana da shi ni kaɗai ba.

Wani dattijo ne daga wani ƙauye na ƙasar Bakura ya zo cin kasuwa nan Mafara, aka kwatanta masa ofishinmu, ya shigo da wata takarda a naɗe cikin leda. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, duba mini wannan, ka gaya mini abin da ta ce, don Allah kada ka rage kome." Labarinsa kuwa shi ne, shekara biyu da suka wuce maƙwabcinsa ya so sayen injin ban ruwa domin noman rani, kuɗinsa suka kasa, sai dattijon nan ya ranta masa naira dubu 200 a kan zai biya bayan ya yanke shinkafa. Don gudun rigima suka kira wani yaro da ya gama sakandare ya rubuta musu takarda da Turanci, domin a ganinsu takardar Turanci ta fi ƙarfi a gaban hukuma. Ko wa ya dangwala yatsa. Bana Allah ya yi wa maƙwabcin rasuwa. Da aka zo maganar gado dattijo ya fito da takardarsa, sai ɗan marigayin, wanda shi ma ya taɓa boko, ya karanta ya ce, "Baba, ai wannan takarda cewa ta yi kai ka ci bashin mahaifinmu."

Na warware takarda, ga abin da yaro ya rubuta da bakin dattijo: "I have borrowed my neighbour two hundred thousand naira." Na daɗe ina kallonta. Yaro bai yi nufin cuta ba, ko kaɗan. Abin da ya ji mutane suna faɗa a tasha da kasuwa shi ya rubuta. Amma ɗan marigayi ma bai yi ƙarya ba, gama a Turanci wanda ya ce "I have borrowed" shi ne ya karɓa.

To, ga inda matsalar ta ke, kuma ina roƙon yaranmu na makaranta su karanta wannan wuri sau biyu. Mu Hausawa muna lura da irin abin da aka bayar. In abin da za a mayar da shi ne kansa, kamar keke ko garma ko riga, muka ce aro. In abin da za a kashe ne a biya da irinsa, kamar kuɗi ko hatsi, muka ce rance. Amma wajen nuna wanda ya bayar da wanda ya karɓa, kalma guda mu ke lanƙwasawa: na ari keke, na ara masa keke, na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Bature kuwa bai damu da ko keke ne ko kuɗi ba, duk ɗaya ne gare shi. Abin da ya ke dubawa shi ne ina abin ya nufa. In ya nufo wurinka, "borrow" ke nan. In ya fita daga hannunka, "lend" ke nan. Sa'an nan ko wace kalma da abokin tafiyarta: "borrow" tana tafiya da "from", "lend" tana tafiya da "to". "Lend" tana iya ɗaukar mutum da kaya a jere, a ce "I lent my neighbour money", amma "borrow" ba ta wannan aiki. Saboda haka "borrow me" da mu ke ji kullum Hausa ce aka sa wa rigar Turanci. Malaminmu a makarantar Mishan, in yaro ya ce masa "borrow me your pen", sai ya tambaye shi, "In kana son mai tebur ya sayar maka da sabulu, ka kan ce 'buy me'?" Tun daga ran nan ban ƙara mantawa ba, domin yadda saye da sayarwa su ke "buy" da "sell", haka aro da arawa su ke "borrow" da "lend".

Kada wani ya zaci Turanci ya tsare wannan ƙa'ida ko ina. Ga "rent" nan, mai gida ya kan ce ya yi "rent" ga ɗan haya, ɗan haya kuma ya ce ya yi "rent" daga mai gida, sai "to" da "from" kaɗai su ke raba gardama. Harshe ba lissafi ba ne, sai a bi shi da haƙuri.

Na gaya wa dattijo gaskiya, cewa takardarsa gurguwa ce, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Abin da zai cece shi shi ne shaidu biyu da suka dangwala yatsa a ƙasa, dukansu kuwa suna da rai, kuma mutanen gari sun san wanda ya sayi inji. Na rubuta masa bayani da Hausa ya kai wa maigari. Ya yi godiya ya tafi, amma ya bar ni da tunanin sauran kalmomi irin wannan da na ke gamuwa da su a kan tebur, waɗanda ɓarnarsu ta fi ta "borrow" nesa.

Bari in fara da "loan" da "grant". A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wani shiri na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi domin manoman shinkafa da alkama, daga baya ya bazu har ya iso ƙasarmu. Sunan shirin da Turanci "Anchor Borrowers' Programme". Mai karatu ya lura, kalmar nan tamu tana zaune a tsakiyar sunan: shirin masu cin bashi ke nan. Aka ba manoma iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki, a kan za su biya da amfanin gona. Amma a bakin jama'a me aka kira shi? Tallafi. Da yawa suka karɓa da zuciyar cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, har lokacin biya ya zo aka shiga kallon kallo. Ban ce duk wanda bai biya ba rashin jin Turanci ne ya hana shi. Akwai wanda ambaliya ta cinye, akwai wanda ɓarayin daji suka raba da gonarsa, akwai kuma wanda ya sani sarai ya yi kunnen ƙashi. Amma na ga masu gaskiya da aka ruɗe da kalmar tallafi. "Grant" kyauta ce domin wani aiki da aka ambata, ba a mayarwa. "Subsidy" rangwame ne, gwamnati ta biya wani kashi na tsadar abu, kai ka biya saura. "Loan" rance ne, ko gwamna ne ya miƙa maka da hannunsa gaban masu ɗaukar hoto. Mai fassara da ya tara ukun nan cikin kalma guda ya yi wa manomi mugun aiki.

Irin wannan bashi galibi a ƙungiya a ke ba da shi, a nan kuma wata kalma ta ke kwance kamar kunama ƙarƙashin tabarma. Takardar bashin ƙungiya ta kan ce 'yan ƙungiya sun ɗauki nauyin biya "jointly and severally". Masu boko na ƙasarmu sun saba amfani da "severally" da ma'anar sau da yawa, har ka ji babban mutum a rediyo yana cewa ya gargaɗe su "severally". A Turancin shari'a ba haka ba ne. Kalmar dangin "sever" ce, watau yanke ko raba, ma'anarta kuwa ɗai-ɗai. "Jointly" na nufin ana iya bin ku gaba ɗaya. "Severally" na nufin ana iya tsame mutum guda daga cikinku a bi shi dukan bashin. In ku goma kuka ci, tara suka gudu ko suka tsiyace, mai bashi yana da iko ya kama na goman, wanda ya biya nasa tun tuni, ya ce ya cika saura, shi kuma ya je ya nemi 'yan'uwansa. Na taɓa karanta wa wani shugaban ƙungiyar masu noman rani wannan wuri kafin ya sa hannu. Ya ajiye alƙalami ya ce sai ya koma ya sake duba mutanen da ya rubuta.

Kusa da wannan akwai "witness" da "guarantor", ko "surety". A ƙasan takarda layukansu su kan zo kusa da juna, mai kawo takarda kuma ya kan ce, "Sa mini hannu a nan kawai, shaida ce." Shaida idonsa ya bayar: ya ga wane ya sa hannu ran kaza, iyakarsa ke nan, ko an ci bashin ba a biya ba babu ruwan aljihunsa. "Guarantor" kuwa mai lamuni ne, wanda ya tsaya wa mutum, in mutumin ya kasa shi za a bi.

A kan wannan akwai wata tsohuwar shari'a da ɗaliban lauya su ke karantawa har yau, ta kuwa taso daga Arewa. Tun zamanin Turawa akwai dokar da ta ke kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce duk mai rubuta wa irin wannan mutum takarda sai ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, ya zama shaida cewa an karanta masa an bayyana masa kafin ya sa hannu. Wani mutum ya tsaya wa wani ɗan kasuwa a wurin kamfanin PZ, takardar lamunin da Turanci. Da bashi ya tsaya aka bi shi, ya ce shi bai iya Turanci ba, dokar nan ta kare shi. Mutumin kuwa ya iya karatu da rubutu da Larabci. Magana ta kai Kotun Ƙoli ta Tarayya a Ikko a 1962, duk gardamar a kan kalma guda, "illiterate". Alƙalai suka ce ma'anarta wanda bai iya karatu da rubutu da ko wane harshe ba, saboda haka mai karatun Larabci ba ya cikinta, sai kariyar dokar ta kuɓuce masa. Akwai alƙalan da suka fassara kalmar dabam, kafin wannan hukunci da bayansa, suka ce harshen da aka rubuta takardar da shi ya kamata a duba. Ni dai abin da na tsinta a ciki shi ne, malamin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami kamar ruwa, kada ya dogara cewa kotu za ta ce ba a bayyana masa ba. Ya nemi a karanta masa tun alƙalami bai taɓa takarda ba.

Yanzu in zo ga waɗanda suka fi damuna, watau "shall" da "may". Mu ma a Hausa muna da irinsu, sai dai ba mu cika lura ba. In mai bashi ya ce maka "za mu biya", da sauran ƙarfi a maganar. In ya ce "ma biya", ka san ka shiga layin jira. A hira ta yau da kullum "shall" ba ta da wani nauyi, Turawa kansu sun rage amfani da ita, "will" ta kusa cinye wurinta. Amma cikin doka da takardar yarjejeniya "shall" umurni ce, tilas ke nan. "May" kuwa izini ce: an ba hukuma dama, in ta ga dama ta yi, in ba ta yi ba ba ta karya doka ba. "Should" shawara ce, ya kamata. Ga kalmomi uku, amma tafinta mai gaggawa sai ya ce da jama'a "za a yi muku" a dukansu. Jama'a su watse suna murna, alhali takarda cewa ta yi "may". Bayan shekara su ce an yi musu ƙarya, ma'aikaci kuma ya buɗe fayil ya ce a nuna masa inda aka yi alkawari.

Wanda ya ke zaune tsakanin Mafara da Bakura da Maradun bai bukatar a gaya masa abin da maganar diyya ta ke iya haifarwa. An fara ginin madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka gama bangon a 1978. Ruwa ya tashi mutane wajen dubu 13 daga gidajensu da gonakinsu. An tsara za a shayar da hekta dubu 23, saboda haka aka karɓi gonakin mutane domin a baje su a ja hanyoyin ruwa, waɗansu suka yi damina bayan damina ba su shuka ba. Na ƙasa da madatsa kuma suka rasa ambaliyar da ta ke jiƙa musu fadama. Manoma suka yi ta kuka a kan diyya, suka tare hanyoyin aiki, har a watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sanda suka buɗe wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, waɗanda suka bincika daga baya suka ce sun haura 380. Allah ya jiƙansu. Ba a haife ni ba a lokacin, kuma ba zan raina jinin bayin Allah in ce kuskuren fassara ne ya jawo wannan ba. Akwai jinkirin biya, akwai awon da ba a yarda da shi ba, akwai ƙarfin hukuma. Amma cikin abin da ya raba manomi da ma'aikaci tun daga farko har da wannan: suna faɗin kalma guda, ko wa da abin da ya ke nufi.

Ga bayanin. In Bahaushe ya ce gonata, nufinsa ƙasar kanta tasa ce, ya gada daga ubansa, zai bar wa ɗansa. In an ce za a biya shi diyya, kuɗin gonar ya ke jira. Doka kuwa tun 1910, sa'ad da Turawa suka yi shelar dokar ƙasa ta Arewa, ta ɗora ƙasa a hannun hukuma. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta shimfiɗa shi a Nijeriya duka, ita ce kuma ke aiki har yanzu. Bisa ga wannan doka ƙasar ko wace jiha tana hannun gwamna, riƙon amana domin jama'a. Don haka wanda mu ke kira mai gona, dokar ba ta cika kiransa "owner" ba. Ta kan ce "holder", mai riƙe da izinin zama, ko "occupier", wanda ya ke zaune a kai yana amfani da ita. Abin da ya mallaka shi ne "right of occupancy", hakkin zama da mora. Takardar nan da a ke alfahari da ita, "C of O", shaidar wannan hakki ce.

Gwamna yana da iko ya soke hakkin saboda bukatar jama'a, kamar hanya ko asibiti ko madatsa. In ya soke, dokar ta ce da "shall" mai riƙo da mazauni sun cancanci "compensation". Amma diyyar me? Ta abin da ta kira "unexhausted improvements", watau aikin da mutum ya zuba a kan ƙasar wanda amfaninsa bai ƙare ba: gini, rijiya, shinge, itatuwa masu daɗewa irin su mangwaro, aikin ban ruwa, da amfanin da ke tsaye a gona. Ƙasar kanta ba ta cikin lissafi. Noma na yau da kullum ma dokar ta fitar da shi, saboda haka takin da mutum ya shekara ashirin yana kai wa gona da jaki ba shi da layi a takardar awo. "Improvement" a makaranta mun koye ta da ma'anar ci gaba, yaro ya yi "improvement" a lissafi. A nan kuwa sunan kaya ne da a ke ƙirgawa, har tana ɗaukar "s" na jam'i. Manomin da ya san haka, ran da masu awo suka zo ba zai tsaya yana ba su tarihin kakansa ba, zai bi su ne itace bayan itace ya ga an rubuta.

Akwai kuma wata "shall" a cikin dokar nan da ta ke wajen manomi, na kuwa lura ba a cika karanta wa mutane ita ba. A sashe na 6 an ce in aka soke hakkin gargajiya a kan ƙasar da mutum ya ke nomawa, ƙaramar hukuma "shall" ba shi wata ƙasa domin noma. Da "may" aka rubuta, da roƙo ne zai je yi. Tun da "shall" ce, hakkinsa ya ke nema.

Ran karɓar kuɗi kuma a duba rasit. "Part payment" ko "on account" na nufin an ba ka wani abu, da saura. "In full and final settlement" na nufin ka karɓi wannan a matsayin duka, ka rufe bakinka da hannunka. Mutum ya kan karɓa yana cewa a ransa somin taɓi ne, alhali ya sa hannu a kan cewa an gama.

Hekta da eka ma suna ruɗa mu, domin mu kan kira su duka kadada. Hekta guda murabba'in mita dubu 10 ce, ta kusa eka biyu da rabi. Wanda aka karɓi hekta biyu a wurinsa aka mayar masa da eka biyu, an bar shi da abin da bai kai rabi ba, ko da ya ke a baki biyu aka karɓa biyu aka mayar.

Wani mai karatu daga Maradun ya aiko yana tambaya ko "mortgage" ita ce jingina. Kusa ne, amma ba daidai ba. A jinginarmu ta gargajiya mai kuɗi ya kan karɓi gonar ya yi ta nomawa har ran da aka mayar masa da kuɗinsa, ko bayan shekara nawa ne, gona kuwa tana nan da sunan mai ita. Wannan a Turanci ta fi kusa da "pledge". A "mortgage" ta banki gona tana hannunka kana nomawa, takardarta ce ke wurinsu, amma akwai ranar biya, akwai ruwa a bankin da ke sa ruwa, in ka saɓa kuma suna da hanyar sayar da ita. Ka lura da wutsiyar kalma, malam. Mai "or" ko "er" shi ne mai yi, mai "ee" shi a ke yi wa: "employer" mai ba da aiki, "employee" ma'aikaci, "lessor" mai ba da haya, "lessee" ɗan haya. A nan mutane su kan faɗi, gama sun ɗauka banki ne "mortgagor" tun da shi ke ba da kuɗi. A'a, kai mai gona kai ne "mortgagor", domin kai ka ba da jinginar, banki shi ne "mortgagee". Ita "interest" kuma fuska uku gare ta. A takardar banki kuɗin ruwa ce, a takardar ƙasa "interest in land" hakkin da mutum ke da shi a kan ƙasar, a maganar soke izini kuwa "public interest" bukatar jama'a. Na ga malamin da ya ƙi taɓa takardar gado don ya hangi kalmar a ciki ya zaci riba ce.

Na kwanan wata ba su da wuya, in taƙaita. "Within 30 days" cikin kwana 30, kafin su cika. "After 30 days" sai sun cika tukuna. "By" ranar kaza na nufin kada a wuce ranar, ana iya kawowa kafin ta. "On" ranar kaza, ranar ce kanta. Wanda aka ba shi "within" ya zauna yana jiran kwanaki su cika kafin ya ɗaukaka ƙara, ya iske an rufe ƙofa.

Wani zai ce, to, Akawu, me ya sa ba za a rubuta takardun nan da Hausa a huta ba? Ni ma haka na ke gani a kan abin da ke tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Dattijon nan da ya rubuta "na ranta wa wane naira dubu 200" da boko ko da ajami, da babu ɗan da zai juya masa magana, alƙalin kotun shari'a kuma da Hausa zai saurare shi. Takarda ba ta samun ƙarfi don an yi ta da Turanci, tana samunsa ne daga bayyanar magana da shaidu. Amma takardun banki da na ma'aikatar ƙasa da na babbar kotu da Turanci su ke zuwa, ba kuwa za su sake don mun yi fushi ba. Saboda haka roƙona ga 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da duk wanda a ke kawo wa takarda a zaure: in ka zo kan kalmar da ba ka tabbata ba, ka ce ba ka tabbata ba, ka buɗe ƙamus ko ka tura mutum wurin lauya. Ka rubuta sunanka a ƙasan abin da ka rubuta wa wani, kamar yadda doka ta nema. Yaron da ya rubuta takardar dattijo bai sa sunansa ba, yanzu kuwa an ce yana Ikko wurin neman kuɗi, ga shi shi ne mutum na farko da ya kamata a tambaya abin da aka ce ya rubuta.

Jiya da yamma jikan dattijon ya biyo ta ofis da saƙo. Ya ce maigari ya tara su, shaidu biyu sun faɗi abin da suka gani, magada sun amsa bashin, amma sun roƙi a jira su sai an sayar da injin. Ya kawo sabuwar takarda in duba kafin a dangwala, wannan karon da Hausa, na gyara wuri guda inda aka manta ranar biya. Maganar takardar neman aiki sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku,
Akawu,
Talata Mafara.